Littafin Aikin Haɗa Firinta da Kwamfutocin Gidanmu a Jos

Asabar, 15 ga Nuwamba, 2025

Filas, ɗan abin ajiye fayil da ake sokawa a kwamfuta, shi ne ya tunzura ni. Shekaranjiya uwargida ta kai nata wani shagon buga takardu a wajen Bauchi Road, ta dawo ta soka a laftof, sai ga foldodinta duk sun rikiɗe sun koma 'yan alamomi masu kibiya, ka danna ba komai. Tambayoyin jarrabawar zangon farko na 'yan ajinta suna ciki. Mun ceto su, don irin wannan cuta ɓoye fayil take yi, ba sharewa ba, amma na sha faɗa, kuma da gaskiyarta. Ga firinta a falo, me zai kai ta waje? Abin da ya kai ta shi ne firintar a ɗaure take da kebul a jikin tsohuwar kwamfutar tebur, ranar ba na gida, kalmar sirrin kuma tana kaina.

Bari in rubuta abin da ke gidan don in na waiwayo in san inda na faro. Kwamfutar tebur a falo, Windows 10 Pro. Laftof ɗin uwargida sabo ne, Windows 11 Pro, fitowar 24H2. Na ƙanena da ke aji huɗu a Jami'ar Jos ɗan gwanjo ne, Windows 10. Firinta mai hoda, baƙi da fari. Rauta biyu, wato na'urar raba waifai: mai sim tana kan tagar ɗakinmu, don nan kaɗai sabis ke kamawa sosai, sai wata tsohuwa a falo da na ja mata kebul bara don waifai ya isa ɗakin samari da sashen Baba. Wayoyi kam ban ƙirga ba.

Abin da nake so bai taka kara ya karya ba. Kowa ya buga takarda daga inda yake zaune, a samu folda guda da kowa zai ajiye ya ɗauka, a sallami filas.

Na ɗauka aikin rabin awa ne. Na ɓata minti goma ina neman HomeGroup, tsarin raba fayil da firinta tsakanin kwamfutocin gida, da na saba da shi tun zamanin Windows 7, ashe an cire shi tun 2018. Na buɗe Network a laftof ɗin uwargida, fayau, ba kowa. Da na duba kwamfutar tebur sai na ga ta ɗauki layin gidan a matsayin Public, wato kamar waifai na otal. In ta ɗauka haka, ƙofa take rufewa, ko sallama ba ta amsawa. Na mayar da shi Private, na kunna Network discovery da File and printer sharing. Ƙanena ya ƙwalo daga ɗakinsu: "Yaya, ta fito!" Nasa ya gan ta. Na uwargida shiru. Aka kira magariba, na bari.

Lahadi, 16 ga Nuwamba

Yau na gano inda gizo ke saƙa, kuma ni na kafa masa gidan da hannuna bara.

Na rubuta ipconfig a kowace na'ura don in ga adireshinta a layi. Kwamfutar tebur 192.168.1.100. Laftof ɗin ƙanena 192.168.1.102. Na uwargida 192.168.0.103. Lamba ta uku ita ce maganar: biyu suna unguwar 1, ɗaya yana unguwar 0. Lokacin da na ja kebul daga rauta mai sim, a ramin WAN na tsohuwar rauta na soka shi, wanda launinsa ya bambanta da sauran. Da haka ta ɗauki kanta mai gida, ta kafa nata layin, tana raba nata adireshin. Ta zama kamar mai gadi a zaure: na ciki ya fita ya dawo da saƙo yadda yake so, na waje kuwa ba ya wuce dakali. Shi ya sa daga kwamfutar tebur ina iya buɗe shafin rauta mai sim a 192.168.0.1, amma daga laftof ɗin uwargida in na yi ping, wato ƙwanƙwasar gwaji, zuwa kwamfutar tebur ba amsa. Shekara guda muna haka ba wanda ya lura, don intanet na zuwa wa kowa.

Maganin shi ne a sauke tsohuwar daga sarauta ta koma mai miƙa waifai kawai. A nan na yi wauta. Na fara kashe mata DHCP, wato aikin raba adireshi, kafin in canza adireshinta. Tana sake tashi kwamfutar ta rasa adireshi, ni kuma na rasa hanyar shiga shafinta. Sai da na nemo tsinken sakace na danna ɗan ramin bayanta har fitilunta suka ɗauke, komai ya koma yadda ya fito daga kwali, har da sunan waifai. Ƙanena ya leƙo ya ce, "Yaya, gyara ake ko ɓarna?" Ban tanka ba.

Karo na biyu na bi a hankali. Na tabbatar rauta mai sim daga 100 take fara rabo, don haka lambobin ƙasa babu mai taɓa su. Na ba tsohuwar 192.168.0.2, na sake shiga da sabon adireshin, na kashe DHCP, sannan na zare kebul daga WAN na mayar ɗaya daga ramukan LAN. Yanzu kowa yana unguwar 0.

Ana wata ga wata: Windows ta ga layi ya canza, ta ɗauka sabon wuri ne, ta sake mayar da kwamfutar tebur Public. Na kusa cewa duk aikin banza ne kafin in tuna. Na gyara, na kuma shiga services.msc na sa Function Discovery Resource Publication ya riƙa tashi da kansa, don shi ne mai shelar sunan kwamfuta a layi. Na canza wa kwamfutar suna daga dogon shirmen haruffan da ta zo da shi zuwa FALO. Kafin isha'i FALO ta bayyana a duka laftof biyun.

Laraba, 19 ga Nuwamba

Gani daban, shiga daban.

Na buɗe folda na sa mata suna Gida, na raba. Don gudun wahala na kashe Password protected sharing, kowa ya shiga ba tambaya. Na ƙanena ya shige salin-alin. Na uwargida ya ƙi, wani lokacin ya nuna 0x80070035, wani lokacin ya ce wai dokokin tsaron ma'aikatarmu sun hana shigar baƙon da ba a tantance ba. Ta karanta ta dube ni: "Abban yara, wace ma'aikata kuma? Ko ka yi mana rajista ban sani ba?"

Da na tashi aiki na biya wajen wani mai gyara da na saba da shi a Ahmadu Bello Way. Ko kai bai ɗago ba ya ce, "Malam, kunna SMB1, ka kashe katangar tsaro a duka biyun, ka huta." Ban ga laifinsa ba, kwastoma so yake abu ya yi aiki kafin ya bar shago. Amma na ƙi. SMB ita ce yaren da kwamfutoci ke miƙa wa juna fayil da shi, ta ƙofa mai lamba 445, ta farkon kuwa tsohuwa ce tukuf. Ta cikinta cutar WannaCry ta bi a watan Mayun 2017 ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama, har da na asibitocin Birtaniya. Gidan da cutar filas ta shiga makon jiya ba gidan da za a tsaga wa bango ba ne, an san mai jiran tsagar. Kuma ma ba ruwan SMB1 da wannan matsala, na'urorin nan biyu da ta uku suke magana.

Ainihin dalilin shi ne a Windows 11 Pro ta 24H2 an hana shiga a matsayin baƙo, an kuma wajabta sa hannu a kan kowane saƙon SMB don kada wani ya tsaya a tsakani ya sauya shi. Baƙo ba shi da kalmar sirri, don haka ba shi da abin sa hannu. Laftof ɗin ba ya lalace ba ne, ya ƙi shiga gidan da ba a tambayar suna ne. Da na yi tunani sai na ga ya fi ni hankali: yaran maƙwabta nawa ne suka taɓa karɓar lambar waifai ɗinmu?

Na mayar da Password protected sharing, na buɗe sabon asusu a FALO mai suna gida, ba mai ikon shugaba ba, na sa masa kalmar sirri. Nan ma sai da muka yi ta fama. Uwargida ta yi ta zuba lambar PIN da take buɗe laftof ɗinta da ita, alhali PIN ba ya barin na'urar da aka yi shi a kai. Abin da ake so a rubuta shi ne FALO\gida a wurin suna, sai kalmar sirrin wancan asusun. Ko da muka rubuta daidai ya ci gaba da ƙi, sai da na shiga Credential Manager na tarar ya adana kuskuren farko yana ta aikawa. Na goge, ya buɗe.

Ta gwada ajiye fayil, aka ce ba ta da izini. Izinin hawa biyu ne ashe, ɗaya a shafin Sharing, ɗaya a shafin Security, kuma wanda ya fi tsauri shi ke cin ɗayan. Na bai wa gida damar gyarawa a duka biyun. Daga nan na liƙa foldar a kowane laftof da harafin G, ta zauna kusa da C kamar dama can a ciki take.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Saura firinta. Na raba ta daga FALO. Wannan karon abin ya juya: na uwargida ya karɓa ya buga shafin gwaji, na ƙanena ya tsaya a 0x0000011b.

Na rubuta winver a nasa don in ga fitowar Windows ɗinsa, sai ga 1909, fitowar ƙarshen 2019. Wanda ya sayar masa ya toshe sabuntawa, shi kuma ya ji daɗi don data ba ta tafiya. A 2021 aka gano manyan kafofi a sashen buga takardu na Windows, wadda ta fi suna ita ce PrintNightmare, gyare-gyaren da suka biyo baya, musamman na watan Satumba, suka tsaurara yadda kwamfuta ke magana da mai riƙe da firinta. FALO ta samu gyaran, nasa bai samu ba, sai suka daina jin juna. Ya nuno mini a waya wani magani da ke yawo, a shiga rajistar FALO, wato ma'ajiyar saitin Windows, a sa RpcAuthnLevelPrivacyEnabled ya zama 0. Yana aiki, ba ƙarya, amma ma'anarsa a sassauta mai lafiya don ya yi daidai da maras lafiya. Na ce ya sayi datar dare ya kai nasa 22H2, fitowar Windows 10 ta ƙarshe, ni zan biya rabi.

Ina neman faifan direban firintar, wato manhajar da kwamfuta ke sarrafa ta da ita, a kwalinta sai na ci karo da ɗan littafinta. Shafi na huɗu, ga hoton waifai ƙuru-ƙuru. Shekara biyu firintar nan tana falo ban san tana iya hawa layi da kanta ba. Kaza ta kwana kan dami. In ta hau da kanta, ba sai an kunna FALO kafin a buga takarda ba, kuma duk wannan rigimar ta 11b ba ta taso ba, don ba wata kwamfuta a tsakani. Na zare kebul ɗin USB na naɗe. Datar dare dai na ce ya saya duk da haka.

Lahadi, 23 ga Nuwamba

Firintar ta ƙi ganin waifai ɗin falo. Na sa ta buga shafin bayaninta, adireshi 169.254 da wani abu, wanda na'ura ke ba kanta in ba wanda ya ba ta. Waifai zango biyu ne, 2.4 da 5, ita na 2.4 kawai take ji, ni kuma ranar da na yi aikin tsinke na 5 kawai na saita wa suna da kalmar sirri. Na saita ɗayan, ta hau, ta samu 192.168.0.104. Na ƙara ta a laftof biyun da FALO ta wannan adireshi. Uwargida ta buga daga kan gado, muka ji ƙarar ta daga falo. Ta ce, "Sannu da aiki." Ban samu fiye da haka ba, kuma ya ishe ni.

Juma'a, 28 ga Nuwamba

Murna ta koma ciki. Litinin za ta miƙa tambayoyin a makaranta, yau da sassafe, ana sanyin nan na Jos da ke sa yatsa ya ƙi lanƙwasuwa, ta tashe ni: firinta ta ce Offline. Ga ta a kunne, fitilar waifai na ci, amma duk kwamfutocin sun ce ba ta nan.

An ɗauke wuta cikin dare an dawo da ita wajen asuba. Na buga shafin bayani, 104 ya koma 107. Rautarmu in ta mutu mantawa take da wanda ta ba wane adireshi, in ta farfaɗo sai ta fara rabo daga farko, wanda ya riga zuwa ya riga samu. Wayoyi sun fi firinta saurin hawa, wayar Baba ta ɗauke 104. Duk safiyar nan kwamfutoci wayar Baba suke aika wa tambayoyin lissafi. A garin da wuta ba ta ɗaukewa mutum zai iya shekara bai ga wannan matsala ba, mu kuwa a nan kowane dare sai an sake rabon gado.

Kowace na'ura tana da lambar MAC, haruffa da lambobi goma sha biyu da ba sa canzawa, tana nan a shafin bayanin. Na shiga rauta mai sim na ɗaure lambar firinta da 192.168.0.150, ta FALO da 151, ko sau nawa aka ɗauke wuta nasu na nan. Sannan a kowace kwamfuta na shiga Printer properties, shafin Ports, na gyara adireshin zuwa 150, na bar ƙofar a 9100 yadda take.

Ina danna OK a na uwargida firinta ta fara aman takarda. Sau tara ta danna Print kafin ta tashe ni, duk suna layi suna jira. Kafin in kai ga maɓallin tsayarwa an ci kusan shafi talatin. Yara sun samu takardar zane.

A na ƙanena kuma wani babi na aikin kammala karatunsa ya maƙale, ba ya fita, ba ya gogewa, ya tare na bayansa. Na tsayar da Print Spooler, mai riƙe layin takardun da ke jiran bugawa, a services.msc, na share abin da ke cikin C:\Windows\System32\spool\PRINTERS, na sake tayar da shi. Ya wuce.

Bayan sallar Juma'a wuta ta sake tafiya, na ce bari in gwada a inbata. Firintar na fara ɗumama inbata ya yi ƙara ya kashe gidan gaba ɗaya, Baba na tsakiyar sauraron labarai. Firinta mai hoda da zafi take liƙa rubutu a takarda, lokacin ɗumamar nan tana jan wuta kamar dutsen guga. Na mayar da ita soket ɗin da ba ya kan inbata. Rautocin biyu su na mayar kan inbata, don ba su cin komai. Da daddare aka kawo wuta, tambayoyi suka fita, kwafi ɗaya-ɗaya.

Asabar, 6 ga Disamba

Baba ya ji labari. Wani abokin cinikinsa na Kano ya turo masa hoton takardar lissafin buhunan dankalin da aka loda daga Bokkos, yana so ya riƙe ta a hannu in ya je Farin Gada, don shi bai yarda da lissafin da ke cikin gilashi ba. Ya miƙo wayar: "Kai, an ce yanzu daga nan ake bugawa."

Na kunna Default Print Service a saitin Android ɗin, na buɗe hoton, na nemi firinta. Babu. Tawa wayar kuwa nan take ta gan ta. Waya ba ta jiran a ba ta adireshi, kira take yi a cikin layi, wa ke da firinta, firinta ta amsa. Na duba sai na ga wayar Baba tana kan waifai ɗin baƙi da na buɗe a makon nan saboda masu zuwa suna roƙon lamba. Ƙanena ne ya sa masa, wai ya fi sauƙin haddacewa. Shi wannan layin an yi shi ne don mai hawa ya samu intanet kawai, kada ya ga komai na cikin gida, don haka kiran ba ya isa.

Na yi masa bayani. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To, ni ne baƙon a gidan nan?" Na ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baba, kuskuren yara ne." Na mayar da shi babban layi, takarda ta fito. Ya juya ta gaba da baya, ya ninke ya sa a aljihun babbar riga, ya ce gobe akwai wasu biyu.

Wata matsalar da ba ta layi ba ta ɓullo: firintar ta fara jan takarda biyu-uku a haɗe. Hunturu ne. Iska ta bushe, takardu na manne wa juna, ƙura kuma ta kwanta a robar da ke jan su. Na goge robar da tsumma mai ɗan danshi, ina kaɗa takardun kafin in zuba, uwargida ta ba da tsohon zane aka lulluɓe ta.

Asabar, 13 ga Disamba

Mako biyu ba Offline, duk da an ɗauke wuta ya fi a ƙirga. Laftof ɗin ƙanena ya kai 22H2 bayan dare uku. Filas ɗin nan yana cikin durowa.

Foldar G ce ta rage da ƙorafi. FALO na yin barci bayan minti talatin, sai jan kuros ya hau kan G a laftof, a zo a ce mini ta lalace. Na hana ta barci, allon kawai ke mutuwa. Amma tunda ba ta kan inbata, in ba wuta ba folda. Mun yi yarjejeniya: abin gaggawa kowa ya riƙe kwafi a nasa, a zuba a G in wuta ta zo.

Abu biyu ke damuna. Tallafin Windows 10 ya ƙare tun 14 ga Oktoban bana, FALO kuma ba ta da TPM 2.0, ɗan sashen tsaro da Windows 11 ke nema. Akwai shirin ƙarin gyaran tsaro da zai kai 13 ga Oktoba, 2026, zan shigar da ita da laftof ɗin ƙanena a hutun nan, in samu lokacin tunanin abin da zai gaje ta. Na biyu ya fi kusa: yanzu takardun makarantar uwargida, babi huɗu na ƙanena, da hotunan lissafin Baba duk suna kan faifai guda da ya haura shekara takwas yana juyawa. Da can a warwatse suke, ni na tara su wuri ɗaya. Litinin in na tashi aiki zan biya Terminus in ji kuɗin faifan waje mai terabait ɗaya, in tambayi hodar firinta ma, don rubutun ya fara dusashewa ta gefen hagu, girgizawar kuma ta daina yi.